Orozbek da Murhun Italiya

A ƙauyenmu, idan ka hango mutane sun taru a bakin shago amma murya ɗaya kaɗai ke tashi, ba sai ka ƙarasa ba, Orozbek ne. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da gashin baki kamar tsintsiya, da doguwar farar hula wadda yake turawa ƙeya duk lokacin da zai faɗi abin da bai sani ba. Don haka ƙeyarsa ta fi goshinsa sabawa da hular. Ya taɓa gyara wa maƙwabcinsa Mamyt rediyo, tun daga ranar rediyon bai sake cewa uffan ba, shi kuwa Orozbek ya ce ai ƙarar da ke damun mutane ce ya cire. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Bakinsa ne kawai yake riga hannunsa isa wuri.

Da sanyin bara ya fara kankama, 'yarsa Nurzada ta bugo waya daga Bishkek tana kuka. Jaririnta Ilgiz tari yake yi ba dare ba rana, hayaƙin birni ya cika masa ƙirji. Likita ya ce a kai shi kan duwatsu ya zauna har bazara, a gidan da ba ya hayaƙi. To, gidaje biyu ne a ƙauyen nan namu na kan duwatsu suke da haƙƙi a kan yaron. Akwai na Orozbek da matarsa Burulkan, akwai kuma na Kalicha, uwar mijin Nurzada, can tsallaken rafi. Kalicha doguwar tsohuwa ce da mijinta ya rasu tuntuni, ba ta da yawan magana, amma tana da hancin da yake jin madara za ta yi tsami tun tana jikin saniya.

Ranar da labarin ya iso, Kalicha ta tsallako rafi ta zauna a ɗakin Orozbek, ta sha shayi, ta ɗaga ido ta dubi silin da ya yi baƙi.

“Suruki,” ta ce, “jika na gidan ubansa ne, kowa ya sani. Amma yarinyar tana son hannun uwarta, ni kuma ba na son in shiga tsakaninsu. Sai dai wannan murhun naku na bulo, ina zaune hawaye na zubo mini.”

“Albasa ce Burulkan take yankawa,” in ji Orozbek.

“Ban yanka albasa ba yau,” Burulkan ta ce daga bakin ƙofa.

Orozbek ya tura hularsa ƙeya. “Suruka, ki saurare ni da kyau. Ranar da za a kawo yaron nan, ki zo da hancinki, ki zo da shaidu. Idan kika ji ko ɗigon hayaƙi a ɗakin nan, ki ɗauki jikanki ki tafi, ba zan ce komai ba. Idan kuwa ba ki ji ba, a nan zai yi hunturu.”

“Na ji,” in ji Kalicha. Ta kife kofinta ta tashi.

Gaskiyar magana, Orozbek yana son yaron nan kamar ransa. Sau ɗaya ya taɓa ganinsa, ranar kuwa yaron ya damƙi gashin bakinsa ya ƙi saki, shi kuma ya tsaya a sunkuye hawaye na zuba, yana cewa kada kowa ya ɓamɓare hannun. Tun daga ranar ba shi da hira sai ta ƙarfin hannun jikansa.

Washegari ya shiga motar kasuwa ya tafi gari. Da yamma sai ga shi a bayan akori-kura, a tsaye, rungume da wani jan akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi, gefensa ɗaya a lotse. Wani direban babbar mota ne ya kwaso shi daga Italiya, inda masu shi suka gaji da shi suka ajiye a bakin titi. Tare da shi akwai 'yan buhuna na abincinsa, wato garin katako da aka matse ya zama ƙananan ƙwayoyi masu santsi, kamar abincin kaji.

“Jama'a, ku matsa!” Orozbek yake ta ihu tun kafin motar ta tsaya. “Kada wanda ya taɓa shi da hannun da ya taɓa gawayi!”

Mamyt ya leƙo ta katanga, sigari a baki. “Yaya Orozbek, firji ka sayo a cikin wannan sanyin?”

“Firji? Wannan murhu ne mai hankali. Shi yake ciyar da kansa, shi yake kunna kansa, shi yake hura wa kansa iska. Kai dai ka zuba masa abinci a rumbunsa na sama ka koma ka kwanta. A Italiya ko sarki da irinsa yake ɗumama ƙafa.”

“Suna da sarki?”

“Da ba su da shi, wa ya yi amfani da wannan?”

Tun kafin a sauke murhun daga mota, Orozbek ya shiga ɗaki da guduma. Burulkan tana cikin dafa miya a kan tsohon murhun bulo, wanda kakan Orozbek ya gina, wanda yake ɗumama bango biyu kuma yake gasa burodi. Da ƙyar ta fizge tukunyarta.

“Baban Nurzada, ka bari mu ga sabon ya kama tukuna mana!”

“Mace, sabo ba ya kamawa idan yana ganin tsoho a gefe. Kishi suke yi.”

Kafin magariba murhun kakansa ya zama tulin bulo a tsakar gida. Ya fasa gilashin taga ɗaya ya zura bututun hayaƙin sabon, ya toshe gefen da tsohon wandonsa, ya jona waya a bango. Sai murhun ya yi ƙara tit, wasu kalmomi suka fito a ɗan gilashin da ke samansa.

“Me ya ce?” Mamyt ya tambaya, don ya riga ya shigo da rabin unguwa a bayansa.

“Gaisuwa ce. Ya ce ya iso lafiya.”

Ya danna wannan, ya danna wancan, ya danna biyu a haɗe. Abin haushin shi ne, murhun ya kama. Wani ƙarfe mai murɗiya irin na injin markaɗe ya fara juyawa a ciki, yana sako ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan kaskon wuta, fanka ta tashi, wuta mai kyau ta miƙe a bayan gilashi, ɗumi ya cika ɗaki, ba hayaƙi ko na magani. Ni da nake ba ku labarin nan ina ganin da bai kama ba a ranar, da an huta.

Daga ranar Orozbek ya daina tafiya a ƙasa kamar sauran mutane. Gidansa ya koma gidan kallo. Duk wanda ya biyo ta hanya sai ya jawo shi ciki, ya sa shi ya cire riga, ya ƙure wutar har ƙarshe don baƙo ya ji yadda Italiya take. Liman ya zo, ya fita yana fifita da hula. Mai kai wasiƙu ya zo, aka hana shi fita sai da ya yi gumi. Da zafi ya yi yawa, maimakon ya rage wuta, sai Orozbek ya buɗe ƙofa da tagogi, ya fito waje da singileti yana tsaye cikin dusar ƙanƙara.

“Zafi ya kore ni!” yake gaya wa masu wucewa. “Wallahi ba a zama a ciki. Mamyt, buɗe tagarka in sam maka kaɗan!”

Burulkan kuwa a rumfar waje take girki a kan duwatsu uku, hannuwanta sun yi jajir, don murhun Italiya ba a ɗora masa tukunya. Kullum idan ta wuce ta gefen buhunan sai ta daki ɗaya da ƙafa ta ji yadda ya saki.

“Baban Nurzada, abincin abin nan yana ƙarewa fa.”

“Ke dai ba ki san injin ba. Sabon wuri ne, dole ya ci da yawa. Idan ya saba zai rage.”

Bai rage ba. Saura 'yan kwanaki a kawo yaro, Orozbek ya zazzage buhun ƙarshe, abin da ya fito bai cika kwanon miya ba. Ya ɓoye wannan a ƙarƙashin gado, ya tafi gari. Ya zaga kasuwa rumfa-rumfa da ƙwaya ɗaya a tafin hannu. Wani ya ce maganin ɓera ne. Wani ya ɗanɗana ya ce abincin zomo ne amma ya lalace. Wani dattijo ya ce sai dai Bishkek.

“To ai shi ke nan,” in ji Burulkan da ya dawo. “Ka bugo wa Nurzada su taho da shi a mota.”

“A motar ɗan Kalicha? Ya sauke buhu a gaban uwarsa, ta ce murhuna sai an yi masa bara daga birni? Ki bar ni. Injin nan ba ya duba sunan abinci, girmansa kawai yake dubawa.”

Sha'ir ya fara gwadawa, daga na doki. Da farko abin ya yi kamar zai yi. Sai ƙamshin gasasshen hatsi ya fita ta bututu ya bi unguwa. Kajin Mamyt suka tsallako katanga suka yi layi a gindin taga. Dokin Orozbek ya tsinke igiya ya zo ya zura kai ta ƙofa. Wata tsohuwa ta taho da kwano tana tambayar wa ke suyar gari ba a gaya mata ba. Can sai wutar ta mutu, murhun ya shiga kuka tit-tit-tit, sha'ir ya narke ya dunƙule a kaskon wuta ya zama dutse.

“Yanzu kuma me yake cewa?” in ji Mamyt, wanda ya zo kwashe kajinsa.

“Godiya yake yi. Ya ƙoshi.”

Sai da ya sa kurfi da guduma kafin ya ɓamɓaro dutsen. Toka ta cika cikin murhun, ya tuna direban ya ce da injin shara ake zuƙe ta. Burulkan tana da irin wannan injin, Nurzada ce ta kawo mata, tana lulluɓe shi da ƙyalle mai ado ba ta bari ko ƙura ta taɓa shi. Orozbek ya jira ta fita tatsar saniya, ya ɗauko ya zura bakinsa cikin tokar. Abin da direban bai faɗa ba, ko ya faɗa Orozbek yana magana a lokacin, shi ne a bari tokar ta huce. Injin ya haɗiyi garwashi, ya yi tari, ya fara fitar da hayaƙi ta baya, sannan ya yi wani irin atishawa ya feso duk abin da ya ci a fuskar mai shi. Burulkan ta shigo da bokitin madara ta tarar da wani baƙin mutum mai fararen idanu yana dukan injinta da hula.

Ta juye masa madarar a kan injin, wutar ta mutu, ta koma waje ta zauna a kan bulon tsohon murhu. Orozbek ya fi tsoron wannan zaman nata a kan zagi, don haka ya sulale ta baya ya shiga garken tumaki.

A nan ne abin ya zo masa. Yana tsaye yana goge fuska, sai idonsa ya sauka ƙasa. Ko'ina kashin tumaki ne, ƙanana, mulmulallu, masu santsi. Ya ciro ƙwayar Italiya daga aljihu, ya ɗauki ɗaya daga ƙasa, ya jera su a tafin hannu. Ya dube su, ya dubi tumakin, tumakin suka dube shi.

“Allahu akbar,” ya ce a hankali. “Ashe masana'anta gare ni ban sani ba.”

Kada ku yi masa dariya tun yanzu. Mu nan tun kakanni da kashin tumaki muke ɗumama gida. Ana barinsa ya taru a garke, dabbobi su tattake shi, a yanka shi kamar bulo da bazara, a jera a rana wata da watanni har ya bushe ƙayau, kuma wutarsa ta fi ta itace daɗewa. Orozbek ya san wannan. Ya kuma san cewa sai busasshe ake sa wa wuta. Don haka ya gwada: ya matsa ƙwaya ɗaya da yatsa, ta ƙi matsuwa. Ya jefa ta a jikin bokiti, ta yi ƙara ƙwal kamar tsakuwa. Ya taka ta da takalmi, ko gezau.

“Busasshe ne kamar ƙashi,” ya ce.

A wannan sanyin namu kuwa, ko tofi ka yi kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Abin da ya tsinta na safiyar ranar ne, ƙanƙara ce kawai ta daskarar da shi.

Ya ɗauko rariyar Burulkan ya shiga aiki, yana tankaɗe, yana zaɓe, yana jefar da waɗanda ba su yi masa kyau ba. Mamyt ya leƙo ta katanga ya daɗe yana kallo.

“Yaya, zinariya kake nema a nan?”

“Sirrin kamfani ne. Ka je ka ji da kajinka.”

“To idan ka samu, ka tuna tunkiyata ma tana shigowa garken nan, ina da kaso.”

Ranar da za a kawo yaro, Orozbek ya tashi da dabara. Ya zuba kwanon ƙwayar Italiya da ya ɓoye a ƙasan rumbun murhu, don a fara da ita, sannan ya cika sauran har baki da kayan garke, ya rufe murfi ya ɗora ƙyalle da tulun fure a kai. Aka yanka rago. Burulkan ta dafa nama da taliya a waje, ta soya ƙullin fulawa tuli guda, aka shimfiɗa dardumomin gashi mafi kyau. Ta ga rumbu a cike, ta tambaye shi daga ina.

“Na gida ne,” ya ce. “Mun daina dogaro da ƙasashen waje.”

Da azahar mota ta tsaya. Nurzada ta fito da Ilgiz a naɗe kamar ƙunshin auduga, hanci kaɗai ake gani. Kalicha ta tsallako rafi da sandarta. Liman ya zo, Mamyt da matarsa suka zo, da duk wanda Orozbek ya gayyato shaida, wato kusan kowa. Shi kuma yana bakin ƙofa yana karɓar riguna.

“A cire! A cire duka! Wanda ya shiga ɗakin nan da rigar sanyi ya zage ni. Liman, har da ta cikin.”

Ya kwashe rigunan jama'a kaf, ya kai ɗakin ajiya ya kulle, ya jefa mabuɗin a aljihu. Kalicha ce kaɗai ta ƙi ba da mayafinta. Ta shiga, ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta ja iska ta hanci, ta juya gabas ta ja, ta juya yamma ta ja. Wuta na ci a bayan gilashi, tsaf, ɗaki ya yi ɗumi.

“Babu laifi,” ta ce, kamar ana cire mata haƙori.

Orozbek ya ji kamar ya tashi sama. Aka kwance yaron aka ɗora masa a cinya, yaron ya dube shi, ya miƙa hannu ya kama gashin bakin nan. Aka kawo kan rago a faranti aka ajiye gaban liman, aka yi addu'a, aka fara ci. Orozbek ya miƙa yaron ga uwarsa ya miƙe zai yi jawabi, hula a ƙeya.

“'Yan uwa, ni ba mai yabon kai ba ne. Amma akwai mutanen da Allah ya yi su don su ga gaba. Lokacin da nake rushe tsohon murhu, wasu sun yi dariya. Ba zan kama suna ba, ga shi nan yana cin haƙarƙari.”

Duk wannan lokacin rumbun murhu yana ɗaukar ɗumi daga wutar da ke ƙarƙashinsa, abin da ke ciki kuma yana sakin jiki sannu a hankali. Ƙwayar Italiya ta ƙare daidai lokacin da Orozbek ya kai ga bayanin yadda zai kafa kamfani.

Hancin Kalicha ne ya fara motsi. Ta ajiye naman da ke hannunta.

“Nurzada, duba yaron nan.”

Nurzada ta juya shi ta leƙa. “Tsaf yake, Mama.”

“Sake dubawa.”

“Wallahi tsaf yake.”

Sai kowa ya fara kallon na kusa da shi ta wutsiyar ido. Matar Mamyt ta zunguri mijinta. “Na ce ka canza safa.”

“Na canza! Wannan ba warin mutum ba ne, warin garke ne da safe.”

“Ƙamshin Italiya ne,” Orozbek ya ce da sauri. “Itacen can haka yake idan ya yi zafi. Ku ci abinci.”

Murhun ya yi wani nishi. Ƙarfen nan mai murɗiya ya fara juyawa da ƙyar, yana gurnani kamar saniya mai naƙuda. Jama'a suka juya suna kallon gilashi. Maimakon ƙwayoyi su faɗo ɗaya-ɗaya, sai ga wani abu mai laushi, kore-kore baƙi-baƙi, yana fitowa a miƙe ba ya yankewa, ya sauka a kan wuta ya yi cuuu. Wutar ta durƙusa. Gilashin ya rufe da tururi, fanka kuwa ba ta san komai ba, ta ci gaba da aikinta na raba wa kowa rabonsa.

“Suruki,” in ji Kalicha, “mene ne wancan?”

“Yana wanke cikinsa ne. Duk injin kirki yana yi.”

Ya ruga ya danna maɓallin ƙara wuta har ƙarshe. Ƙarfen ya ƙara himma, abin ya ƙara fitowa. Murhun ya fasa kuka tit-tit-tit ba tsayawa. Orozbek ya ture tulun fure ya ɗaga murfin rumbu don ya ga abin da ke faruwa, wani tururi mai kauri ya taso ya buge shi a fuska, ya ja baya yana tangaɗi. Mamyt, wanda ba a taɓa barinsa a baya ba wajen leƙe, ya miƙa wuya ya duba ciki.

“La'ilaha illallahu! Jama'a, taki ne! Yaya Orozbek ya dafa mana taki!”

Kafin ya rufe baki Kalicha ta fizge yaron, ta lulluɓe shi da mayafinta, ta yi waje, Nurzada a bayanta. Da Orozbek ya tsaya nan, da an tsira da hanci kawai. Amma sai ya ɗauki ludayin miya ya buɗe ƙofar gilashin wai zai kwashe abin da hannu. Hayaƙin da ya taru a ciki, rawaya mai nauyi, ya fito gaba ɗaya kamar an buɗe wa tumaki ƙofa.

Ba a yi sallama ba. Liman ya fita da kan rago a hannu, shi kansa bai san ya ɗauko ba. Matar Mamyt ta bi ta kan mijinta. Wani ya fita da kofin shayi, wani da takalmi ƙafa ɗaya. Cikin ƙiftawar ido duk manyan ƙauyenmu suna tsaye a tsakar gida cikin dusar ƙanƙara, daga su sai 'yan riguna na ciki, suna tari suna tsalle-tsalle, hayaƙi na bin su ta ƙofa.

“Rigunanmu! Orozbek, mabuɗi!”

Orozbek ya fito da rarrafe, ludayi a hannu, ya lalube aljihu. Babu mabuɗi, ya faɗi a ciki wajen kokawa. Aka dubi ƙofar ɗakin, aka dubi juna, ba wanda ya yi tayin komawa. Sai Mamyt ya ɗauki bulo ɗaya daga tulin tsohon murhu ya fasa kwaɗon ɗakin ajiya, jama'a suka afka ciki kowa yana jan rigar da hannunsa ya fara kaiwa. Liman ya fito cikin rigar matar Mamyt mai furanni, bai kuma cire ba.

“Wannan ƙaramar matsala ce,” Orozbek yake cewa, yana bin mutane ɗaya-ɗaya. “Tumakin ne ba su saba ba. Idan na canza musu abinci...”

Ba wanda ya tsaya. Dariya ta riga ta ɓarke, irin wadda mutum yake riƙe ciki yana neman abin jingina. Mamyt ya zauna daɓas a ƙanƙara yana share hawaye, yana cewa a rubuta wa sarkin Italiya a gaya masa.

Kalicha tana cikin mota da yaron, an rufe gilashi. Ta sauke shi kaɗan.

“Suruki, da bakinka ka ce ko ɗigo.”

“Na ce.”

“To wannan ɗigo ne ko kogi?”

Orozbek ya sunkuyar da kai ya dubi ludayin da ke hannunsa. Sai ga Burulkan ta fito daga ɗaki, ta ɗaure hanci da ɗankwali, da ƙunshin kayanta a ka da tukunyarta a hannu. Ta wuce shi ta buɗe motar ta shiga kusa da 'yarta.

“Ina za ki?”

“Inda jikana zai kwana. Kai ka zauna da Baturenka, ku ƙarasa abin da kuka dafa.”

Mijin Nurzada ya tada mota. Orozbek ya tsaya a tsakar gida, ga gida ba murhu, ga taga a fashe, ga hunturu ko rabi bai yi ba. Amma ba wannan ne ya dame shi ba. Ta gilashin motar yana hango ɗan hannun nan ya fito daga cikin mayafi yana damƙar iska. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Masu dariya suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya ga mutumin nan kuka yake shirin yi da gaske.

Motar ta yi gaba kaɗan ta tsaya. Gilashi ya sake sauka.

“Suruki,” in ji Kalicha, “idan na bar ka a nan ka daskare, cewa za a yi ni na kashe kakan jikana. Je ka wanke jikinka a gidan Mamyt, da sabulu, ka canza kaya tun daga hula, ka biyo mu. Akwai ɗaki.”

Orozbek ya mayar da hularsa, ta zame ta koma ƙeya da kanta. “To ai dama ina so in duba miki murhun nan naki, Suruka. Tun bara na lura bututunsa yana...”

“Ka taɓa murhuna in karya maka hannu. Ba za ka ɗauko itace ba, ba za ka kwashe toka ba, ko ashana ba za ka riƙe a gidana ba. Aiki ɗaya gare ka daga yau har bazara: ka zauna a wuri ɗaya ka riƙe yaron nan, don hannuwanka biyu su kasance a inda nake ganinsu.”

Orozbek ya juya ya dubi jama'ar da ke rawar sanyi cikin rigunan juna, ya buɗe ƙirji.

“Kun dai ji da kunnenku,” ya ce. “Duk ƙauyen nan, ni kaɗai ta yarda ta ba wa yaron.”